Kafin Mota Ta Iya Faɗin Ciwonta

Duk watan Oktoba garin Hershey da ke jihar Fensilbeniya a Amurka yakan cika ya batse, ba kuma don cakulan ɗin da garin ya yi suna a kansa ba. Tun shekarun 1950 ƙungiyar masu tsofaffin motoci ta AACA take cin kasuwarta a can, rumfuna dubbai, ana baje ƙyauren mota da fitilu da sitiyari da kusoshi masu tsatsa waɗanda mai nema kaɗai ya san amfaninsu. A cikin wannan tarkace mutum yakan ci karo da akwatin ƙarfe mai girman kabad ɗin kwanuka, fuskarsa cike da agogai masu allura, wayoyi suna reto a gefensa, an rubuta Sun ko Allen a goshinsa. Shekara hamsin da suka wuce, wannan akwati shi ne abin alfaharin gareji, kuma ba kowane bakanike ke da ƙarfin sayensa ba. Yau mai shi yakan yi murna idan ya sami wanda zai ɗauke masa shi, don kada ya sake wahalar ɗora shi a bayan akori-kura.

Amma a wata rumfar, wata 'yar na'ura ta kamfanonin nan dai, wadda ake ɗorawa a tebur, ita ce ake rububi. Dalilin wannan bambanci yana cikin tarihin yadda aka yi ta ƙoƙarin ganin abin da ke faruwa a cikin inji ba tare da an kwance shi ba.

Wahalar ta faro ne daga wuta. Man fetur ba ya ƙonewa a cikin silinda sai filogi ya ba shi tartsatsi, kuma tartsatsin nan dole ya zo daidai lokacinsa. Motar Ford samfurin Model T, wadda aka ƙera sama da miliyan 15 tsakanin 1908 da 1927, tana da kwayil huɗu, kowane a cikin ɗan akwatin katako, kowane da ɗan fallen ƙarfe a samansa mai karkarwa yana ƙara kamar zanzaro. Idan ɗaya ya kauce daga saiti, motar ta kama tari. Masu gyara da yawa da kunne suke saitawa, su yi ta murɗa noti har ƙarar ta yi musu daɗi. Daɗin kunne kuwa ba ya hana kwayil ba da wuta sau biyu a inda ake son sau ɗaya.

Maganin da aka samo shi ne na'urar gwajin kwayil mai hannun juyawa. A cikinta akwai irin maganeton da ke jikin motar, mai maganaɗisu 16. Bakanike zai saka kwayil, ya juya hannu, wani tsinke ya riƙa zagaya zoben ƙarfe yana tofa tartsatsi. Kwayil mai lafiya yakan ba da tartsatsi 16 a zagaye ɗaya, tsakaninsu daidai wa daida, allurar mita tana tsaye wajen amfiya 1.3. Idan tartsatsin ya fito tagwaye, saiti ya ɓaci. Wannan abu mai sauƙi shi ne kakan duk waɗanda suka biyo baya, domin a nan ne ido ya fara karɓar aikin da kunne ke yi. Har gobe masu Model T suna neman irin wannan na'ura, kuma waɗanda suka mallake ta sukan karɓi aikin saita kwayil daga nesa.

Tsarin da ya daɗe yana mulki, duk da haka, ba na Ford ba ne. Na Charles Kettering ne, injiniyan jihar Ohayo wanda kamfaninsa Delco ya yi wa Cadillac tsarin wuta a 1910, sannan ya yi mata kik na lantarki a 1912. Kwayil ɗaya tak, da distirbuta mai raba wuta ga filogi, da kondensa, da wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa da rufewa waɗanda kanikawa ke kira kontak. Muddin kontak na rufe, kwayil yana shan wutar batir. Da ya buɗe, sai kwayil ya amayar da ita ta zama dubban bolt. A inji mai silinda takwas da ke juyawa sau 3,000 a minti, kontak yana buɗewa sau 200 a daƙiƙa ɗaya. Ƙarfen da ke wannan aiki dole ya cinye, ya ƙone, ya kauce. Shi ya sa direban Amurka na shekarun 1950 yake kai motarsa gareji bayan kowace tafiyar mil dubu goma ko sha biyu, a canja kontak da kondensa, a wanke filogi, a sake tayimin, a daidaita kafireta. Wannan aiki na shekara-shekara shi ya ciyar da dubban gidajen mai masu gareji a gefe, kuma shi ya buɗe kasuwa ga masu ƙera na'urorin gwaji.

Babba a cikinsu shi ne Sun, wanda Otto Rhoades ya kafa a Shikago a 1931, ana tsakiyar karayar tattalin arziki. Lokacin ya yi masa daidai, domin wanda ba shi da kuɗin sabuwar mota dole ya lallaɓa tsohuwa. Akwai Allen na garin Kalamazoo a Mishigan, akwai Marquette, akwai Snap-on wanda ya fara da sayar da sifana da soket a 1920. Kamfanonin filogi irin su Champion da AC kuma suka cika gareji da injin wanke filogi: a cusa filogi a rami, iska ta watsa masa yashi mai laushi, sannan a mayar da shi ɗaki na biyu mai tagar gilashi, a matsa iska, a leƙa a ga ko zai iya tartsatsi a ƙarƙashin matsi. Wannan gwaji yana da ma'ana, don filogin da ke wuta a sarari yana iya mutuwa a cikin silinda. Yana kuma da wata ma'anar ta aljihu: mai mota da ya leƙa ya ga tsohon filoginsa yana numfashi sama-sama kusa da sabo mai walƙiya, ba ya buƙatar dogon wa'azi.

Ƙananan kayan aikin su ne suka fi yin aikin yau da kullum. Akwai mitar da ke auna tsawon zaman kontak a rufe, da digiri. Injin Chevrolet mai silinda takwas yana son digiri 30, kuma kamfanin General Motors ya yi wa hular distirbutarsa 'yar taga da ake ɗagawa, a zura alanki a saita inji na aiki. Akwai fitilar tayimin mai siffar bindiga, wadda ke walƙiya duk lokacin da filogi na ɗaya ya yi wuta, ta sa alamar da ke jikin fule mai gudu ta zama kamar a tsaye take.

Sai agogon zuƙa, wanda ya fi su arha, ya kuma fi su yawan magana. Robar iska ce kawai ake maƙalawa a hanyar da inji ke zuƙar iska. Inji mai lafiya a sulo yakan tsayar da allura cak tsakanin 17 da 21. Idan allurar tana faɗuwa tana tashi a kai a kai, bawul ne ke maƙalewa ko ya ƙone. Idan ta tsaya ƙasa-ƙasa ba ta motsi, tayimin ya makara ko iska na shiga ta wata kafa. Idan aka ba da totur aka riƙe sai ta yi ta sulalewa ƙasa, salansa ce ta toshe. Agogon ba ya faɗin ko ɗaya daga cikin waɗannan da baki. Rawar allura kawai yake yi, fassara tana wurin mai kallo, kuma a nan ake gane oga da yaron gareji.

Daga shekarun 1950 aka fara haɗa waɗannan mitoci wuri ɗaya da wani sabon abu da aka aro daga masu gyaran rediyo: osiloskof, allo mai ƙwalbar gilashi irin ta tsohuwar talabijin, wanda ke zana wutar filogi da koren layi. Wannan shi ne zamanin manyan akwatuna. Wasu a kan tayoyi ake turawa, wasu an rataye su a kan dogo a rufin gareji, da dogon hannu mai ɗauke da wayoyi da ake juyowa saman bonet.

Abin da allon ke nunawa ya cancanci a tsaya a kansa. Bakanike zai kama wayar kwayil da matsi ɗaya, ya kama wayar filogi na ɗaya da wani, ya tayar da inji. Nan take silindoji takwas su jeru a allo kamar sojoji a fareti, bisa tsarin da suke yin wuta, wanda a ƙaramin injin Chevrolet shi ne 1-8-4-3-6-5-7-2. Kowace silinda tana da dogon layi a tsaye mai nuna yawan bolt ɗin da aka buƙata kafin tartsatsi ya tsallake bakin filogi, sannan gajeren layi a kwance mai nuna tsawon ƙonewarsa, sannan 'yar karkarwa tana mutuwa a hankali. Idan layi ɗaya ya zarce 'yan'uwansa tsawo, ko dai bakin filogin ya buɗe da yawa ko wayarsa ta tsinke daga ciki. Idan ya gajarce, filogin ya sha baƙin mai, wuta na zillewa ta gefe. Idan karkarwar ta ragu a dukkansu, a tuhumi kwayil ko kondensa. Akwai kuma jerin maɓallai, kowane na kashe silinda ɗaya. A danna, a dubi allurar gudun inji. Silindar da aka kashe amma gudu bai ragu ba, dama can ba ta aikin komai.

Aikin da zai ci wa mutum yini yana cire waya yana shan shokin, allon ya mayar da shi na minti goma. Sai dai kamfanonin ba su tsaya nan ba. Girman akwatin, da fitilunsa, da allon suna mai haske a samansa, ba duka aikin gwaji ke buƙatarsu ba. An yi su ne don mai mota da ke tsaye a bakin ƙofa. Bakanike mai farar riga yana nuna masa koren layi da sanda ya fi kama da likita, kuma ba a cika yi wa likita ciniki ba. Masu sukar wannan zamani sukan ce na'urar ta sayar da kayan gyara fiye da yadda ta gano cuta. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma laifin ba na allon ba ne. Layin da ya zana gaskiya ne. Mai sandan ne ke iya ƙara gishiri.

Turai ma ba a bar ta a baya ba. A Ingila sunan Crypton ya shahara har ya zama kamar sunan aikin kansa. A Jamus kuwa Bosch ne, wanda tun 1902 yake ƙera maganeto mai ƙarfin wuta, ya kuma cika garejojin wakilansa da nasa na'urorin. Ga mai gyaran motarsa a gida ranar Asabar, kamfanin Heathkit na Mishigan yana sayar da osiloskof na mota a warwatse cikin kwali, mutum ya zauna da dalma da ƙarfen liƙi ya haɗa abinsa. Turawan Ingila suka fito da Colortune, filogi mai kan gilashi da ake leƙa cikin silinda ta cikinsa: wuta shuɗiya, kafireta ta yi daidai, rawaya, mai ya yi yawa.

Abin da ya karya wannan daula ba wata na'ura mafi kyau ba ce, hayaƙi ne. Birnin Los Angeles ya daɗe yana shaƙewa, kuma dokar tsabtar iska ta Amurka ta 1970 ta tilasta wa kamfanonin motoci su rage gubar da ke fita ta salansa. Kontak mai kaucewa kowane wata shida ba zai iya wannan aiki ba. Chrysler ya sa tsarin wuta na taransista a dukkan motocinsa daga 1973, General Motors ya bi da nasa mai suna HEI a 1975, shekarar da aka fara sa tukunyar tace hayaƙi a salansar yawancin motoci. Da kontak ya tafi, mitar auna zamansa ta rasa aiki. Na ɗan lokaci manyan akwatunan sun ƙara girma, aka ƙara musu ma'aunin hayaƙi, daga baya aka sa musu kwamfuta da firinta. Wannan ƙibar ba ta lafiya ba ce.

Domin a daidai lokacin, kwamfutar ta riga ta shige cikin motar kanta. Tun 1968 Volkswagen ya fitar da mota mai injekta na Bosch wanda lantarki ke sarrafawa. Zuwa farkon shekarun 1980 General Motors ya sa wa motocinsa wani soket a ƙarƙashin dashbod. Bakanike zai lanƙwasa ɗan kilif na takarda, ya haɗa ramuka biyu, ya murɗa makulli, sai fitilar inji ta kama ƙyaftawa: sau ɗaya, ta ɗan huta, sau biyu, wato lamba 12, alamar kwamfuta a farke take, sannan lambobin cuta su biyo baya. Toyota ma haka, a haɗa TE1 da E1. Ɗan ƙarfen da bai kai sisin kwabo ba ya fara yin abin da ake sayen akwati mai tsadar mota dominsa.

Hukumar kula da iska ta Kalifoniya ta wajabta irin wannan tsari daga motocin 1988, amma kowane kamfani da nasa soket da nasa yare. Sai a 1996 aka daidaita komai a Amurka da tsarin OBD-II: soket ɗaya mai ramuka 16, lambobi iri ɗaya ga kowa. P0301 na nufin silinda ta ɗaya tana fashin wuta, ko a Ford ko a Honda. Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Kafin nan ma kasuwar ta riga ta karanta alama: a 1992 Snap-on ya saye Sun, a shekarar ce kuma Heathkit ya daina sayar da kayan haɗa-da-kanka.

Wannan soket mai ramuka 16 shi ne wanda rewaya a Kano ko Kaduna ke laluba a ƙarƙashin sitiyarin mota 'yar Kwatano idan ya ce bari a sa mata kwamfuta. Wanda kuwa ya yi zamanin Fijo 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ko ƙwaron Volkswagen na Legas, ya san kontak da kondensa farin sani, ya kuma san yadda ake goge bakin kontak da sanfefa a gefen titi. Zamanin kontak ya daɗe a nan fiye da a Amurka, amma galibin aikinsa kunne da yatsa ne suka yi.

Yanzu a koma rumfar Hershey. Masu tara waɗannan kaya kashi biyu ne, ko da yake mutum ɗaya yakan zama duka biyun. Akwai masu son ado, waɗanda ke gina gareji irin na 1955 a bayan gida, da tsohon famfon mai da allon talla, su ajiye akwatin Sun a kusurwa ko da bai taɓa kamawa ba. Akwai kuma masu aiki, kuma su ne ke shan wahala. Na'urar da ta yi shekara arba'in a ajiye ba a jona ta a wuta kai tsaye, domin kafasitocin cikinta sun bushe, suna iya fashewa su tafi da taransifoma. Robar wayoyi ta zama kamar ƙanzo. Ɓeraye sun yi sheƙa a bayan allo. Ƙwalbar allon idan ta mutu babu mai ƙera sabuwa, sai dai a yanka wata na'urar a ciro. Mafi ciwo shi ne ɓatan wayoyin gwaji da littafin bayani, waɗanda galibi aka jefar ranar da aka rufe garejin. Wani abin takaicin shi ne batir: wasu mitocin Sun, musamman akwatin da ke tura saƙo ga shahararren agogon gudun injinsu, da batirin zaiba mai bolt 1.35 suke aiki, kuma Amurka ta hana sayar da irinsa a 1996. Batirin zamani mai bolt 1.5 yana shiga ramin, amma allura sai ta yi ƙarya, don haka dole a sake wa cikin akwatin tsari.

Babban akwatin, ko an gyara shi tsaf, yana da abokin hamayya. Ɗan osiloskof na zamani da ake jonawa da kwamfutar cinya yana zana wannan layi, ya adana shi, kuma yana shiga aljihun jaka. Shi ya sa darajarsa ta faɗi.

Na'urar gwajin distirbuta ita ce kusan ba ta da magaji, ita ce kuma ake rububin. Sun ya yi ta samfuri-samfuri, irin su 404 da 504, Allen ya yi tasa mai suna Syncrograph. A cire distirbuta daga mota, a ɗaure ta a tsakiyar wani faifai mai zobe da aka rubuta wa digiri 360, a murɗa hannun gudu. Moto ya juya ta, fitila mai walƙiya ta zana kibiyoyi a jikin zoben, kibiya ɗaya ga kowace silinda. A inji mai silinda takwas dole su zauna digiri 45 tsakaninsu. Wadda ta kauce tana nuna sanda ta lanƙwashe ko bushi ya ci. Ana ƙara gudu, wasu 'yan ƙarafa masu nauyi a cikin distirbutar suna buɗewa suna jan sifirin, kibiyoyin kuma suna matsawa gaba, wato wuta tana zuwa da wuri kamar yadda inji mai gudu ke so. Sai a kunna famfon zuƙa a ga nawa gwangwanin da ke gefe zai ƙara. Bakanike yana rubuta lambobin a takarda, ya kwatanta da katin kamfani, ya canja sifirin, ya sake juyawa.

Motocin da aka ƙera kafin 1975 waɗanda har yanzu ake hawa suna da yawa a Amurka da Turai, fetur ɗin yau kuma ba irin na zamaninsu ba ne, ba shi da dalma, galibi an gauraya shi da etanol, don haka tayimin da aka rubuta a katin 1965 ba lallai ya dace ba. Babu soket mai ramuka 16 a jikin Mustang ta 1966 da za a tambaya. Akwai ƙananan shaguna da sana'arsu ke nan kacokan: a aiko musu distirbuta a kwali, da takarda mai bayanin inji da irin man da ake sha, su ɗaure ta a kan na'urar da ta girmi mai shagon, su mayar da ita da sababbin sifirin biyu da zanen layin da kibiyoyi suka bi.